Idan aka sake rufe jami'o'i saboda annoba, yaya za a yi da lafiyar ɗalibai?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ke zauren nan su sa baki a wannan magana. Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe jami'o'in Najeriya saboda korona, a ranar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, wanda ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Yawancin ɗalibai ba su sake ganin aji ba sai Janairun 2021. Wata goma cur saurayi ko budurwa na zaune a gida, ba karatu, ba sana'a, ba ranar komawa. Annoba kuwa ba ta yi mana sallama ba. Mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, zazzaɓin Lassa yana dawowa duk rani, sanƙarau yana biyo zafi. To idan gobe aka wayi gari da irin ta 2020, me ya kamata jami'a da iyaye da shi kansa ɗalibin su yi? Ina son bayani dalla-dalla, wanda za a iya aiki da shi.

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malama. A raba maganar gida biyu. Akwai cutar da ƙwayar annobar ke yi, akwai kuma cutar da kullen ke yi. A korona, ɗan shekara 20 mai ƙoshin lafiya da wuya ta kwantar da shi a asibiti. Haɗarinsa shi ne ya kwasa ya kai wa kakarsa ko mahaifinsa mai hawan jini da ciwon suga. Inda yake kwasowa kuwa sananne ne: ɗakin kwanan da aka gina don mutum huɗu amma takwas ke kwana saboda masu raɓewa, da babban ɗakin lakca da ake cika shi maƙil har bakin taga. A farkon annobar an fi ba da ƙarfi wajen goge ƙofa da fesa magani a harabar makaranta. Daga baya ta tabbata cewa cutar ta fi bin iskar da aka shaƙa aka fitar a rufaffen ɗaki. Kuɗin da aka kashe a feshi, da an gyara tagogi da shi da ya fi amfani.

Injiniya Salisu:
Dakta ya taɓo inda nake so. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga wuraren taruwa shi ne lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga mutum ɗaya. Ɗakin lakca mai ɗalibi 300 yana buƙatar lita 3,000 ke nan a daƙiƙa. Taga ɗaya ba za ta ba da wannan ba. Sai an buɗe tagogin da ke fuskantar juna, iska ta shigo ta nan ta fita ta can. Fankar sama juya iskar ɗakin kawai take yi, idan tagogi a rufe suke ba ta fitar da komai. Haka na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango, iskar cikin take sanyayawa ta maido. Abin da ke aiki shi ne a ajiye fanka ta tsaye a bakin taga ɗaya, fuskarta na kallon waje, sai ta riƙa zuƙo iskar ɗakin tana fitarwa, sabuwa ta shigo ta ɗaya ɓangaren.

A duba ragar sauro ta taga. Idan ƙura ta toshe ta, taga a buɗe take amma iska ba ta wucewa. Buroshi da ruwa sun wadatar, sau ɗaya a wata lokacin hunturu. Tsakanin lakca da lakca a fitar da kowa na minti 10, a bar ƙofofi a wangale. Jami'ar da ke da hali ta sayi 'yar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa. A waje tana nuna wajen 420. A cikin ɗaki idan tana ƙasa da 800, lafiya lau. Idan ta haura 1,500, mutanen ɗakin numfashin juna suke sha.

Sista Hauwa:
Injiniya, da hunturu fa? Babu ɗalibar da za ta kwana da taga a buɗe cikin Janairu a Zariya.

Injiniya Salisu:
Gaskiya ne Sista. Da sanyi ba sai an wangale ba. Idan waje ya fi ciki sanyi sosai, iska tana shiga da sauri ko ta ƙaramar kafa. A bar faɗin tafin hannu a tagogin sama na ɓangarori biyu, a ƙara bargo. Abin da ya fi tsorata ni da hunturu shi ne kaskon gawayi ko ƙaramin janareta a rufaffen ɗaki. Hayaƙin da ke kisa a ciki ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai da jiri da bacci ne alamarsa, mutum ya kwanta shi ke nan. Duk mai kula da ɗakunan kwana ya hana wannan, ko da annoba ko babu.

Sista Hauwa:
To bari in yi maganar zazzaɓi, don nan ne aka fi yin kuskure. Lokacin annoba kowane zazzaɓi sai a ce annobar ce, ɗalibi ya ɓoye a ɗaki don tsoron killacewa, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa. Ƙa'ida: duk wanda zafin jikinsa ya kai 38, a yi masa gwajin maleriya na tsinke, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Samun maleriya ba ya kore ɗayar, ana iya haɗa biyun. Na'urar auna zafi da ake nuna wa goshi a bakin get ba abin dogaro ba ce, wanda ya sha rana zai nuna zafi, wanda ya sha farasitamol zai wuce sumul.

Alamomin da ba a kwana da su a ɗaki: numfashi yana sarƙewa har mutum ba ya iya ƙarasa jimla, ciwon ƙirji da ba ya sauka, ruɗewa ko yawan bacci da ba a iya tashinsa sosai. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya da ƙin haske, a yi zargin sanƙarau, awanni ne ke raba rai da mutuwa. Ciwon maƙogwaro da wani yaɓi mai ruwan toka a can ciki da kumburin wuya, a yi zargin mashaƙo, kada kuma a yi ƙoƙarin kankare yaɓin. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana uku, musamman inda ɓeraye ke shiga kayan abinci, a tuna da Lassa.

Asibitin makaranta ya tanadi 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Daga 95 zuwa sama daidai ne. Idan ta sauka 94 zuwa ƙasa a kira likita, ƙasa da 90 kuwa sai gadon asibiti da iskar oksijin. Jan farce da sanyin yatsa suna ɓata sakamako, kuma a baƙar fata takan nuna sama da gaskiya kaɗan. Saboda haka idan mutum yana haki, a yarda da hakin ko lambar ta yi kyau.

Malam Nura:
Sista ta gama magana. Ni zan ƙara kan magunguna da sinadarai. Farasitamol ga babba: ƙwaya biyu masu 500, bayan awa shida-shida, kada a wuce ƙwaya takwas a wuni da kwana. Inda ake faɗawa rami shi ne maganin mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya haɗa biyu, hanta ta sha wuya. A Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka kulorokwin da sunan riga-kafi. Deksametazon kuma, wato maganin rage kumburi, binciken da aka yi a Birtaniya a Yunin 2020 ya nuna yana ceton waɗanda ke kan oksijin ne kaɗai. Mai ƙaramin ciwo idan ya sha, garkuwar jikinsa yake raunanawa, sugansa ya hau. Shi ne fa wanda wasu 'yan mata ke sha a cikin haɗin sha-ka-fashe. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ƙwayar bairos ko kaɗan.

Ruwan bilic na goge wuri: a karanta jikin kwalba. Idan an rubuta 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya na bilic a zuba masa awo 34 na ruwa, shi ne na goge maɓallin ƙofa da famfo da banɗaki. Inda jini ko amai ya zuba, awo ɗaya da awo shida na ruwa. A haɗa sabo kullum, a ɓoye shi daga rana, don ƙarfinsa yana gudu. Kada a gauraya shi da wani ruwan wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Man goge hannu kuwa idan sinadarin alkohol ɗinsa bai kai 60 cikin ɗari ba, turare ne kawai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 sun fi shi arha, sun kuma fi shi aiki idan hannu ya yi datti.

Dakta Bashir:
Akwai waɗanda aka manta da su ranar da aka ce kowa ya tattara ya tafi gida: masu ciwon da ba a yanke wa magani. Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon suga da ke allurar insulin, mai shan maganin tarin fuka na wata shida, mai shan maganin HIV wanda gidansu ma ba su sani ba. Katinsa yana asibitin makaranta, inshorar ɗalibai ta TISHIP a can take, shi kuma yana ƙauyensu, hanya a rufe. Mai farfaɗiya idan ya yanke magani farat ɗaya, bugun yana iya dawowa fiye da na da. Mai tarin fuka idan ya tsaya a wata na uku don ya ji sauƙi, cutar na iya dawowa ba ta jin magani. Kafin a rufe get, asibitin makaranta ya fito da jerin sunayen waɗannan, a ba kowa maganin wata uku da takardar da zai nuna a asibitin garinsu. Insulin idan ba firji, a sa shi a leda a ɗaure, a ajiye cikin tulu ko randa mai sanyi, kwalbar da aka buɗe a yi amfani da ita cikin mako huɗu.

Dakta Maryam:
Na gode Dakta. Yanzu ɓangaren da ba ya nuna a ma'aunin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kusan 25 cikin ɗari a duniya, kuma matasa da mata ne suka fi shan wahala. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rayuwar ɗalibi a kan jadawali take tafiya: lakcar ƙarfe takwas, tafiyar ƙafa daga ɗaki zuwa aji, hira a wurin mai shayi, jarrabawar da ake wa shiri. Waɗannan su ne ke riƙe da bacci da ci da walwala ba tare da mutum ya sani ba. Aka zare su rana ɗaya. Rashin sanin ranar komawa ya fi komai ci, domin zuciya tana jure wahalar da ta san iyakarta fiye da wadda ba ta san ƙarshenta ba.

Matashin Bahaushe da wuya ya zo ya ce "ina da ciwon damuwa". Cewa zai yi kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jikina, na karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba. Sai a yi ta ba shi maganin taifot da na olsa wata da watanni. Ga tambaya biyu da kowane uba ko malami zai iya yi. A mako biyun nan, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba jin daɗinsu? A mako biyun nan, kana jin ƙunci ko yanke ƙauna yawancin kwanaki? Idan ya amsa da e ga ɗaya, a wuce zuwa takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Makinta daga 0 zuwa 27. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi ne, gyaran bacci da motsa jiki da samun abokin magana sukan wadatar. Daga 10 zuwa sama a ga ma'aikacin lafiya. Daga 20 mai tsanani ne. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa take, ita ko maki ɗaya aka samu ba a jira jimilla.

Malam Isa:
Dakta Maryam, ki yi haƙuri, ina da ja a nan. Ina tsoron kada mu mayar da talauci da zaman banza su zama cuta. Yaron da ya ga shekara guda ta tafi a banza, yana lissafin idan ya haura 30 kafin ya gama ba zai yi bautar ƙasa ba, tallan aiki kuma kullum da iyakar shekaru, dole ransa ya ɓaci. Yarinyar da aka ce tunda makaranta ta ƙi buɗewa gara ta yi aure, wasu ba su sake komawa ba. Wannan ba ƙwaya ke maganinsa ba. Karatun intanet da aka yi ta yayatawa, jami'o'i masu zaman kansu ne suka fi cin moriyarsa. Lakcar bidiyo ta awa ɗaya tana iya cinye kusan gigabait guda, ga rashin wuta, ga waya ɗaya a gida. Abin da zai yi aiki a wajenmu shi ne malami ya naɗi muryarsa, minti 15 zuwa 20 kowane darasi, ya haɗa da rubutu shafi biyu ko uku, ya tura ta WhatsApp a rana tsayayya kowane mako, da aikin gida da ranar karɓa. Sautin awa ɗaya bai kai megabait 30 ba. Ɗalibi ya san ranar Talata akwai abin da ake jira daga gare shi. Wannan kaɗai rabin magani ne.

Dakta Maryam:
Malam, ban ƙi taka ba, musamman maganar ranar Talata, ita ce jadawalin da nake cewa an zare. Baƙin ciki mai dalili ba cuta ba ne, kuma mafi yawan ɗalibai abin da suka yi fama da shi ke nan. Bambancin yana nan: mai ɓacin rai idan abokinsa ya zo zai yi dariya, zai ci abinci, gobe ya tashi ya nemi abin yi. Mai ciwon damuwa ko an buɗe makarantar gobe ba zai iya tashi ba. Ya daina wanka, ya rame ko ya yi ta ci, yana farkawa ƙarfe uku na dare baccin ya ƙi dawowa, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyayensa. Talauci ne ya kunna wutar, amma idan ta kama sai an kashe ta da kanta. Idan likita ya rubuta magani irin fuluwoksetin, a san abu uku. Ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, shi ya sa da yawa ke jefarwa a kwana na biyar. A 'yan ƙasa da shekara 25 a sa ido sosai a makonnin farko, don wasu tunanin cutar da kai yana ƙaruwa kafin sauƙi ya zo. Bayan an warke kuma a ci gaba aƙalla wata shida, a sauka a hankali da izinin likita.

Ustaz Kabiru:
Allah ya saka wa likitoci. Akwai kalmar da nake roƙon iyaye da malamai su daina faɗa wa yaro mai ƙunci, wato "imaninka ne ya yi rauni". Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, babu wanda ya fi shi tawakkali a zamaninsa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, neman magani umarni ne. Abin da ba shi da gurbi shi ne duka da ɗaure mutum da mari da sunan cire aljani ko raba shi da ƙwaya. Kowa ya ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019. Kuma ɗalibi Musulmi yana da jadawalin da kulle ba ya rushewa, salloli biyar. A ɗaura komai a jikinsu: karatu bayan Asuba, aikin gida kafin Azahar, motsa jiki bayan La'asar, waya ta kwanta bayan Isha.

Dakta Maryam:
Allah ya gafarta Malam, wannan ɗaurin shi ne abin da muke koyarwa a asibiti da wani suna. Bari in tsaya kan bacci, don shi ne ya fara lalacewa. Azumin 2020 ya faɗo a tsakiyar kulle, ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, dare ya zama rana, bayan Sallah kuma babu lakcar safe da za ta maido da mutum. Matashi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Gyaran yana farawa ne daga lokacin tashi. A tsayar da shi, kullum lokaci ɗaya, ko an kwana ido biyu. Da gari ya waye a fita hasken rana na minti 20 zuwa 30, ko a tsakar gida ne, hasken safe ne ke saita agogon jiki. Baccin rana kada ya wuce rabin awa, kuma kafin La'asar. Shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙara kuzari a tsaya da su daga Azahar, domin bayan awa biyar rabin sinadarin yana nan a jini. Idan an kwanta minti 20 bacci bai zo ba, a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske, a yi tasbihi ko karatu a takarda, sai an ji gyangyaɗi a koma. Wanda ya juya dare gaba ɗaya ya riƙa matso da lokacin tashinsa da rabin awa duk kwana biyu. Labarin annoba a duba sau ɗaya a rana daga majiya guda kamar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ba a kan gado ba.

Firgici kuma, wanda zuciya ke bugawa, numfashi ya yi sama, yatsu su yi sanyi, mutum ya ɗauka mutuwa ce: yakan kai ƙololuwa cikin minti goma ya sauka. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a saki ta baki ana ƙirga shida, a maimaita na minti biyar. Amma karon farko a je a duba, kada a ɗauki asma ko ciwon zuciya a matsayin firgici.

Sista Hauwa:
Motsa jiki minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa. 'Yan mata da ba a bari su fita, igiyar tsalle a tsakar gida ta isa: minti ɗaya tsalle, minti ɗaya hutu, sau goma. Daka da ɗiban ruwa da shara duk suna cikin lissafi. Lemon kwalba na roba mai rabin lita yana ɗauke da suga cokalin shayi 12 zuwa 13, kason wuni guda ke nan a zama ɗaya. Wake da gyaɗa da zogale da ƙwai sun fi taliyar leda riƙe ciki. Mai karatu a waya, duk minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20.

Malam Nura:
Zaman banza da rashin bacci su ne ƙofar ƙwaya. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da su, tun kafin kulle ke nan. An hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma bai ɓace ba. Yawanci da "bari in sha in samu bacci" ake farawa, da diyazefam ko makamancinsa, cikin 'yan makonni jiki ya saba. Taramol na bayan fage mai 225 ya ninka na asibiti, yana jawo bugu irin na farfaɗiya, idan aka haɗa shi da maganin damuwa ko na bacci haɗarin ya ƙaru. Wanda ya daɗe yana shan maganin bacci kada a yanke masa rana ɗaya, shi ma yana kawo bugu. A kai shi inda za a sauke shi mataki-mataki: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, ko sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika.

Malama Rabi:
Dakta Maryam, idan ɗalibi ya rubuta a shafinsa cewa ya gaji da duniya, ko ya fara yafe wa mutane yana raba kayansa, abokinsa me zai yi a daren?

Dakta Maryam:
Ya kira shi ko ya je, ya tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Kada ya yi masa wa'azin wuta a lokacin, kada ya yi alkawarin rufa asiri. Idan amsar e ce, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da babba guda da ya yarda da shi, a kwashe maganin ƙwari da tarin magunguna daga ɗakin. Irin wannan hali sau da yawa na ɗan lokaci ne, idan abin cutarwa bai kusa ba yakan wuce. A kai shi asibiti a daren ko da sassafe. Idan ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, yana iya shaƙewa ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a cire tufafin da abin ya zuba a kai, a tafi da kwalbar don likita ya san abin da zai ba shi. Mutane suna ɓoyewa saboda sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa, Penal Code, ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ana kuma ta kiran a soke wancan sashe. Ko yaya dai, tsoron 'yan sanda kada ya hana kai mutum asibiti.

Malam Isa:
Saura tambayar da hukumar jami'a za ta fara fuskanta: a kori kowa gida ko a riƙe su?

Dakta Bashir:
Ya danganta da ko cutar ta riga ta shiga harabar. Idan ba ta shiga ba, sallama da wuri tana da ma'ana. Idan ta shiga, ɗalibi dubu goma a motocin haya zuwa jihohi ashirin rarraba ta ne. Mun ga haka a Afrilu da Mayun 2020, da jihohi suka riƙa mayar da almajirai garuruwansu, aka yi ta samun masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda aka sauke a Kaduna da Jigawa. Abin da ya dace shi ne a ware gini guda don marasa lafiya, wani don waɗanda suka yi cuɗanya da su, a cika kwanakin killacewa, a korona kwana 14 ne a lokacin, sannan a sallame su rukuni-rukuni. Amma killacewa ba abinci ba ruwa ba caji, kwana biyu za su tsallake katanga.

Ustaz Kabiru:
Wannan ya dace da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan annoba ta sauka a wuri kada na waje ya shiga, na ciki kuma kada ya fita. Da shi Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. Idan limaman masallatan jami'a da shugabannin cocin harabar suka yi bayanin tun kafin a rufe get, ɗalibai za su fi karɓa fiye da takardar sanarwa a allo.

Malam Isa:
To ga abin da kowane sashen karatu na jami'a zai iya yi ba tare da jiran kasafi ba. Tun makon farko na zango, kowane mai kula da aji ya karɓi lamba biyu daga ɗalibi, tasa da ta wani na gida. A raba ajin goma-goma, kowane rukuni da jagora. Ranar da aka rufe makaranta, jagora yana kiran mutanensa tara sau ɗaya a mako, kira na murya, don a rubutu kowa "lafiya lau" yake cewa. Wanda aka nema mako biyu ba a same shi ba, a miƙa sunansa ga malami ya kira gida. Bayan an dawo kuma kada a matse zangon wata huɗu cikin mako takwas a ɗora jarrabawa a kai, a ba da mako biyu na bita.

Sista Hauwa:
A ƙara wannan a takardar dawowa, Malam. Wanda ya yi korona, bayan wata uku har yanzu yana fama da kasala, ko haki idan ya hau bene, ko mantuwa, ya zo asibitin makaranta a rubuta masa. Irin wannan ba a tura shi filin ƙwallo don ya warware, yawan motsi yana maido da shi baya. Ana farawa da tafiyar minti biyar zuwa goma, idan washegari bai kwanta ba a ƙara kaɗan. A kuma duba jininsa, don ƙarancin jini da maleriya mai maimaituwa suna kama da shi sosai, musamman a ɗalibai mata.